Koyon jinyar mai ciki da jariri: abin da ƙauyukan Korahane ke jira daga makarantun lafiya

Jinyar mai ciki da jariri reshe ne na aikin lafiya da ke farawa daga ranar da mace ta zo awon farko, ya raka ta har naƙuda da haihuwa, ya ci gaba har makonni shida bayan ta sauka. A manyan asibitocin birni aikin a rarrabe yake, akwai likitan mata, akwai ungozomar asibiti, akwai ma'aikatan jinya da likitan yara, kowa da nasa. A karkara irin ta Korahane, kwamin da ke cikin gundumar Dakoro a arewacin jihar Maraɗi, mutum ɗaya ko biyu ne ke ɗauke da wannan kaya gaba ɗaya. Shi ya sa abin da aka koya wa wannan mutum a makaranta, da yadda aka koya masa, ya shafi ran uwa da na ɗanta kai tsaye.

Yankin Dakoro ƙasa ce ta noma da kiwo. Hausawa manoman gero da wake na zaune a ƙauyuka, Fulani da Buzaye na biye da dabbobinsu daga rijiya zuwa rijiya, gidaje kuma a warwatse suke cikin yashi. Daga garin Dakoro zuwa Maraɗi tafiyar kimanin kilomita 120 ce, kafin a kai Dakoro ɗin ma sai an sha hanyar da amalanke da babur suka fi mota sanin ta. Haihuwa kuwa tana da yawa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mace a Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuma 8.4, sannan kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18. Binciken ya kuma ƙiyasta mata 535 ne ke rasuwa sanadin ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000. Adadin haihuwa ya sauko zuwa 6.2 a binciken 2021, amma har yanzu macen karkara tana shiga wannan haɗari sau da yawa a rayuwarta, sau da yawa kuma tun ƙugunta bai gama faɗaɗa ba.

Tsarin lafiya na Nijar hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙaramin gidan lafiya na ƙauye, irin waɗanda aka gina kusan 2,000 a zamanin mulkin Shugaba Tandja Mamadou, inda ma'aikacin da ya samu horon 'yan watanni ke duba marasa lafiya. Sama da shi akwai asibitin da ake kira CSI, wanda wani ma'aikacin jinya ke shugabanta, mutanen gari kuma na kiran sa majo. Daga nan sai asibitin gunduma a Dakoro, sai kuma Maraɗi, inda babban asibitin jiha da cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro suke. Tiyata da ƙarin jini ba aikin CSI ba ne. Duk macen da haihuwarta ta buƙaci ɗayan biyun nan, dole wani a ƙasa ya gane haka da wuri, ya yi mata abin da zai riƙe ta, ya tura ta gaba.

Masu wannan aiki suna fitowa daga makarantu iri-iri. Tsofaffin su ne makarantun kiwon lafiya na gwamnati biyu, ta Damagaram da ta Yamai. Ta Yamai tana ɗauke da sunan Damouré Zika, ma'aikacin lafiyar nan da duniya ta fi sani da fitowa a finafinan Jean Rouch. Bayan su makarantu masu zaman kansu sun yawaita a manyan garuruwa, jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi kuma tana horar da likitoci. Mai takardar kammala ƙaramar sakandare, wato BEPC, yana iya karatun shekara uku ya fito a matsayin ma'aikacin lafiya na tushe, wanda ake kira ASB, kuma ana koya masa jinya da karɓar haihuwa a haɗe. Mai takardar kammala babbar sakandare, wato BAC, yana yin shekara uku ya fito da digiri a fannin jinya ko ungozomanci. A aikace, ungozomomin da suka ƙware sun fi taruwa a birane, don haka wanda mai naƙuda za ta tarar da tsakar dare a ƙauye yakan zama ASB ne ko majo, wani lokaci ma namiji.

Karatun yana farawa da sanin jikin mace da yadda ciki ke girma, sannan a shiga awo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗaga yawan ganawar mai ciki da ma'aikacin lafiya daga huɗu zuwa takwas a 2016. Ɗalibi yana koyon auna hawan jini, da duba ƙasan ido da tafin hannu don gane ƙarancin jini, da auna tsayin ciki da tef, da lalubo kwanciyar jariri da hannu, da sauraren bugun zuciyarsa. Yana koyon ba da ƙwayoyin ƙarin jini, da allurar rigakafin sarƙewar haƙora, da gidan sauro, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da mai ciki ke sha a gaban ma'aikaci sau ɗaya a wata daga mako na 13, aƙalla sau uku kafin ta haihu. Wannan na ƙarshe yana da nauyi sosai a Dakoro, domin damina ce lokacin zazzaɓi, ita ce kuma lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya fi tsanani. Macen da ta shigo naƙuda da jini kaɗan, zubar da wata za ta jure ita sai ta kai ta ƙasa.

Amfanin awo bai tsaya ga magani ba. A nan ne ake zama da mace a tsara inda za ta haihu, da wanda zai kawo ta, da amalanken wa ko babur ɗin wa za a nema, da ɗan kuɗin da za a ajiye. Ana son ɗalibi ya iya gane wadda bai kamata ta jira naƙuda a gida ba: yarinya mai cikin fari, da wadda ta haihu sau biyar zuwa sama, da mai tagwaye, da wadda aka taɓa yi wa tiyata, da wadda jaririnta ya kwanta a gicciye.

Naƙuda ita ce tsakiyar karatun. Ana koya wa ɗalibi cika wata takarda mai layuka da ke bin sawun buɗewar bakin mahaifa awa bayan awa, tare da saukowar kan jariri, da ƙarfin ciwon mara, da bugun zuciyar uwa da na ɗa. Idan aka cika ta a kan lokaci, takardar na nuna cewa naƙuda ta tsaya tun kafin mace ta galabaita. Idan kuwa sai bayan haihuwa aka zauna aka cike ta don mai duba aiki ya gani, to ba ta amfani kowa ba, kuma wannan ɗabi'a ce da malamai ya kamata su kashe tun a makaranta. Doguwar naƙuda ce ke haifar da yoyon fitsari. Kan jariri yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da farji na tsawon kwana ɗaya ko biyu, jini ya daina kaiwa wurin, naman ya mutu ya bar rami. Jaririn galibi ba ya rayuwa, uwar kuma ta koma gida da larurar da ke raba ta da miji da zaman jama'a. Tun 2012 akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari a Danja, kudu da Maraɗi, kuma ana samun waraka, amma kusan duk wadda ta je can, da an tura ta tiyata a kan kari da ba ta je ba.

Zubar jini bayan haihuwa ya fi komai gaggawa, domin yana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu, tun ba a gama neman mota ba. Ma'auninsa shi ne rabin lita cikin awa 24 na farko. Ana koyar da rigakafinsa ga kowace haihuwa: allurar oksitosin da zarar jariri ya fito, a fitar da mabiyiya a hankali, a duba ko ta fito cikakkiya, a dinga taɓa mara ana tabbatar da mahaifa ta dunƙule. Matsalar oksitosin ita ce yana son sanyi, zafin Afrilu da Mayu na arewacin Maraɗi kuwa yana rage masa ƙarfi inda babu firji mai aiki. A nan ne ƙwayar misoprostol ta shigo, wadda zafi bai dame ta ba.

A wannan fanni Nijar ta yi abin da ƙasashe ke koyi da shi. Ma'aikatar lafiya tare da ƙungiyar Health and Development International sun shimfiɗa wani tsari mai mataki uku a faɗin ƙasar. Idan jini ya ɓalle a ba da misoprostol. Idan bai tsaya ba, a ɗaura kwaroron roba a bakin siririn bututu, a zura shi cikin mahaifa, a cika shi da ruwa har ya danne jijiyoyin da ke zuba. Idan mace ta fara fita hayyacinta, a naɗe ƙafafunta da cikinta da wata riga mai matsewa da ke mayar da jini zuwa zuciya da ƙwaƙwalwa, ta riƙe ta har a isa inda za a yi ƙarin jini. Sakamakon shekarun 2015 zuwa 2020, wanda mujallar Lancet Global Health ta buga, ya nuna mace-macen da zubar jini ke jawowa a asibitocin ƙasar sun ragu da fiye da rabi. Babu wata na'ura mai tsada a cikin lamarin. Gajeren horo ne da aka yi da hannu, da kaya masu araha da aka tabbatar suna nan a kowane asibiti.

Jijjiga ma tana cikin manyan masu kisa, kuma ta fi kama masu cikin fari. Alamarta ta farko hawan jini ne da ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20, tare da sinadarin furotin a fitsari, sannan ciwon kai mai tsanani, da dishi-dishin gani, da kumburin fuska da hannu. Maganinta allurar magnesiyam salfet ce, wadda ya kamata a yi kafin a ɗora mace a mota. Ma'aikata da yawa suna jin tsoron wannan allura saboda ba su taɓa haɗa ta da hannunsu ba sai a takardar jarrabawa. A gida kuwa sau da yawa ana ɗaukar jijjiga aikin iska ne, sai a fara da hayaƙi da rubutu, awanni su wuce. Ma'aikaci mai hankali ba ya faɗa da addu'a, yana roƙon a yi ta a hanya.

Jariri yana da nasa darasin, kuma an daɗe ana yi masa riƙon sakainar kashi, domin da zarar ya faɗo hankalin kowa kan koma kan uwa. Minti na farko shi ne mafi tsada. A goge shi da busasshen zane mai tsabta, a canza zanen, a duba ko yana numfashi. In bai yi kuka ba a shafa bayansa, in har yanzu shiru sai a ɗora masa 'yar jakar hura iska a hanci da baki, a matsa ana kallon ƙirjinsa na tashi, duk kafin minti ɗaya ya cika. Shirin koyar da wannan dabara da jaririn roba ya bazu a ƙasashe masu tasowa tun 2010, kuma an gano hannu yana mantawa cikin 'yan watanni idan ba a maimaitawa. Jarirai da yawa da ake naɗewa a ce sun zo babu rai, iskar nan kaɗai suke buƙata.

Wanda ya yi numfashi, a kwantar da shi a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe kansa, a jinkirta yanke cibiya na minti ɗaya zuwa uku, a sa shi a nono cikin awa ta farko. Wanka sai bayan awa 24, domin sanyi na kashe jariri ko a ƙasa mai zafi, balle da hunturu. Cibiya ba a sa mata toka ko man shanu ko gashi da tsumma, sai dai maganin kulohekzidin inda aka tanada. Bakwaini da wanda bai kai kilo biyu da rabi ba ana ɗaure shi a ƙirjin uwa dare da rana, dabarar da likita Edgar Rey Sanabria ya fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalaben renon jarirai. Ga matan da suka saba da goyo ba baƙon abu ba ne, sai dai a mayar da goyon gaba kuma babu riga a tsakani.

Duk wannan aikin hannu ne. Ɗaya rabin karatun shi ne sanin gida, kuma shi makarantu suka fi yi wa gajeren zama. Masana biyu, Thaddeus da Maine, sun bayyana a 1994 cewa jinkiri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar fita, da jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon a cikin gida yake faruwa. Yarinya mai cikin fari kunya ba ta barin ta ambaci cikin, balle ta ce naƙuda ta taso, kuma an rene ta a kan cewa jarumar mace ba ta kuka a kan gwiwa. Izinin fita na hannun miji, shi kuwa da rani yana iya kasancewa can Najeriya ko Libiya wajen neman kuɗi, sai maganar ta koma hannun uwar miji ko wan miji. Ma'aikacin da bai taɓa zama da waɗannan mutane ba, duk bayanin da ya yi wa mai cikin a ɗakin awo ya tsaya a bakin ƙofa.

Saboda haka ake koyar da cewa tsohuwar ungozomar gari abokiyar aiki ce. Tsarin yanzu bai ɗora mata karɓar haihuwa ba, amma ita ce ke shiga kowane ɗaki, ita ke fara sanin wadda ta yi nauyi, kuma idan ta ce a tafi likita ana tafiya. Majon da ya tarbe ta da "Sannu da zuwa, Inna" ya ba ta wurin zama kusa da 'yarta, gobe ma za ta kawo masa wata da wuri. Wanda ya daka mata tsawa a gaban mutane ya yi asarar ƙauye guda. Ta ɓangaren maza, Nijar ta fito da makarantar magidanta, wadda aka fara a jihar Damagaram a 2008 da tallafin hukumar UNFPA, inda mazan da gari ke girmamawa ke zama suna tattauna awo da haihuwa a asibiti da tazarar haihuwa, su kai maganar majalisa da masallaci.

Al'adun jego suna buƙatar a rarrabe su da adalci. Hutun kwana arba'in, da kulawar dangi, da abinci mai kyau, da komawar mai haihuwar fari gidan iyayenta, duk alheri ne da ya kamata ma'aikaci ya ƙarfafa. Amma matse dakashi a zubar a ce ƙazanta ne, da ɗura wa jariri ruwa ko madarar dabba kafin nono ya kawo, suna hana shi rigakafinsa na farko su kuma buɗe ƙofar gudawa. Kunun kanwa mai yawa tare da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a kan gado mai wuta a ƙasa, likitoci Davidson da Parry sun danganta su da ciwon zuciyar masu jego a Zariya tun shekarun 1970. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, numfashi na yi mata wuya idan ta kwanta, asibiti take buƙata a ranar. Ana son a duba uwa da ɗa cikin awa 24 na farko, da rana ta uku, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, da mako na shida, amma al'adar rashin fita kafin suna tana hana wannan, sai dai idan ma'aikaci ko wakilin lafiya na ƙauye ya taka ya je gidan.

Harshe da hali ma darasi ne. Ana karatun da Faransanci, aikin kuwa da Hausa da Fulatanci da Buzanci ake yin sa. Ɗalibin da ya haddace sunayen cututtuka amma bai iya faɗa wa Bafulatana alamun haɗari da kalmomin da za ta riƙe ba, karatunsa bai kammala ba. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003 a kan asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai, ya nuna yadda tsawa da wulaƙanci da fifita mai sanayya ke korar marasa lafiya. Macen da aka zaga a kan gadon haihuwa ba ta mantawa, kuma duk matan unguwarsu za su ji. Tambayar izini kafin a taɓa ta, da rufe mata jiki, da barin wata tata ta tsaya kusa da ita, abubuwa ne da ɗalibi ke ɗauka daga abin da ya ga manyansa na yi a wurin gwaji, fiye da abin da aka rubuta masa a allo.

A nan ne babban giɓin yake. Ɗalibai sun yi yawa, wuraren gwajin aiki kaɗan ne, sai a tara su goma a kan mai naƙuda ɗaya, wasu su gama makaranta haihuwar da suka karɓa da hannunsu ba ta taka kara ta karya ba. Kuma gwajin a asibitin birni ake yin sa, inda likita ke ɗaki na gaba. Wanda za a tura Korahane ya kamata ya yi watanni a CSI na karkara kafin ya karɓi takarda, ya ga yadda ake aiki da fitilar hannu, da yadda ake kiran motar asibiti, da abin da ake rubutawa a takardar tura mara lafiya don na gaba kada ya fara daga farko. Ɗaukar 'yan matan yankin su yi karatun ya fi dacewa da zama, domin su ne ba za su nemi canjin wuri bayan shekara ɗaya ba, amma hakan na buƙatar a bar su su kai BEPC tukuna.

Gwamnati ta ɗauke kuɗin tiyatar haihuwa a 2005, ta ƙara da awon ciki da tsarin iyali da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar a 2006, sannan a 2024 aka mayar da haihuwa kanta kyauta a asibitocin gwamnati. Wannan ya ƙara yawan masu zuwa, ya kuma ƙara nauyi a kan ma'aikacin da ke shi kaɗai, musamman idan kuɗin da ake mayar wa asibitoci ya yi jinkiri, magani ya yanke. Rahoton ungozomanci na duniya na 2021 ya ce ana ƙarancin ungozomomi 900,000, kuma da kowace mace za ta samu cikakkiyar kulawar ƙwararriya da an kauce wa kusan kashi biyu cikin uku na mace-macen uwaye da jarirai.

Bayan fita makaranta, karatun yana ci gaba ta hanya uku. Akwai gajeren horo kan ayyukan gaggawa bakwai da ake son CSI ta iya, wato ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, da na tsayar da jini, da na jijjiga, da ciro mabiyiya da hannu, da kwashe ragowar ɓari, da taimaka wa jariri fitowa da na'urar zuƙo, da farfaɗo da jariri. Akwai ziyarar ungozomar gunduma, wadda ta fi amfani idan ta tsaya ta yi aiki tare da ma'aikaci maimakon duba rajista kawai. Sannan akwai zaman bitar mutuwa, inda duk macen da ta rasu sanadin haihuwa ake sanar da gunduma, a zauna a bi labarinta daga farkon ciwo zuwa ƙarshe ba tare da neman mai laifi ba, a gano awa nawa aka ɓata a gida, nawa a hanya, nawa a asibiti, a rubuta abin da za a gyara da sunan wanda zai gyara shi.